Mutum, Ƙarfe da Roba: Lissafin da Janar-janar na Amurka Suka Yi a Gida Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu

Ranar 1 ga Satumba 1939, ranar da sojojin Hitila suka afka wa Folan, ita ce ranar da George Marshall ya kama aiki a matsayin babban hafsan sojojin ƙasa na Amurka. Rundunar da aka danƙa masa ba ta kai mutum 200,000 ba, kuma yawancin makamanta ragowar Yaƙin Duniya na Ɗaya ne. Zuwa 1945 ta haura mutum miliyan 8. In an haɗa da sojan ruwa da sauran rassa, Amurkawa kusan miliyan 16 ne suka sa kaki a tsawon yaƙin, fiye da 400,000 daga cikinsu suka rasa rayukansu.

Sunayen da suka fi tashe su ne na kwamandojin fagen fama: Eisenhower a Turai, Patton da tankokinsa, MacArthur da Nimitz a tekun Fasifik. Amma mai son ya gane yadda aka kai ga nasara, sai ya waiwayi waɗanda suka zauna a Washinton suna rabo. Saurayin da aka miƙa wa bindiga, daga gona ko masana'anta aka ɗauko shi. Ƙarfen da ya shiga tankar yaƙi, jirgin ruwa aka hana. Robar da ta zama tayar motar soja, daga motar wani magidanci aka rage ta. Duk buƙatun nan daga rumbu ɗaya ake ɗibarsu, kuma babban aikin shi ne sanin nawa za a ba kowa.

Mutum nawa za a ɗauka?

A Satumba 1940 majalisa ta amince da dokar ɗaukar soja na dole, karo na farko da aka yi haka alhali ƙasar ba ta cikin yaƙi. Ranar 16 ga Oktoba maza fiye da miliyan 16 masu shekara 21 zuwa 35 suka yi rajista. Kwamitocin unguwanni, waɗanda mutanen gari ke zama a cikinsu, su ke tantance wanda zai tafi da wanda za a ɗaga wa ƙafa. Wa'adin aikin shekara ɗaya ne, kuma da aka nemi tsawaita shi a Agusta 1941, da ƙuri'a ɗaya tak ƙudurin ya tsallake a Majalisar Wakilai, 203 da 202. Wata huɗu ke nan kafin Japan ta kai hari Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba. Da ƙuri'ar nan ta faɗi, da rundunar da ake haɗawa ta fara watsewa a daidai lokacin da aka fi buƙatarta.

Marshall ya san yawan sojoji ba ya amfani in shugabanninsu sun gaji. A babban atisayen da aka yi a jihar Louisiana a 1941, mai sojoji kusan 400,000, ya sa ido ya ga wanda zai iya da wanda ba zai iya ba, ya sauke manyan kwamandoji da dama, ya ɗaga ƙanana. Eisenhower kanar ne a wannan atisaye. Shekara uku da 'yan watanni bayan haka yana ɗauke da taurari biyar.

A 1941 ɗin kuma aka sa wani manjo mai suna Albert Wedemeyer ya lissafa irin rundunar da za ta iya kayar da Jamus. Ya fito da dibishin kusan 215. Dibishin ɗaya na sojan ƙafa mutum ne kimanin 14,000. Abin mamaki shi ne jimillar mutanen da ya ƙiyasta ta zo kusa da abin da aka samu a ƙarshe, amma dibishin 89 kawai Amurka ta gama yaƙin da su, a lokacin da Jamus ta haɗa kusan 300, Tarayyar Sobiyet kuma fiye da haka.

Ina sauran mutanen suka shiga? Sojan sama, wanda a lokacin reshe ne na sojan ƙasa a ƙarƙashin Janar Henry Arnold, ya cinye kusan miliyan 2.4. Sannan duk mai riƙe da bindiga a Faransa ko Filifin yana buƙatar mutane da yawa a bayansa: direbobi, makanikai, masu sauke kaya a tashar ruwa, masu shimfiɗa bututun mai, ma'aikatan asibiti. Ga masana'antu da gonaki da ba za a kwashe musu ma'aikata ba, domin Amurka ba kanta kaɗai take ƙera wa makamai ba. A ƙarƙashin shirin aron kayan yaƙi na Maris 1941 ta aika wa ƙawayenta kayan kusan dala biliyan 50, ciki har da motoci fiye da 400,000 da suka tafi Tarayyar Sobiyet. Marshall ya yanke shawarar tsayawa a kan dibishin 90, ya dogara da ƙarfin jiragen sama, da yawan kayan aiki, da kuma cewa Sobiyet za ta ci gaba da riƙe mafi yawan sojojin Jamus a gabas.

Shawarar ta yi aiki, amma sojan ƙafa ne ya biya kuɗinta. Tunda babu isassun rundunonin da za a yi musanya da su, dibishin yakan daɗe a bakin daga ba hutu, sai dai a riƙa cusa masa sabbin mutane ɗaya-ɗaya su maye gurbin waɗanda suka faɗi. Sabon zuwa bai san kowa ba, ba wanda ya san shi, kuma irinsu ne aka fi rasawa a kwanakin farko. A farkon 1944 aka kwaso sojoji fiye da 100,000 da aka tura karatu jami'o'i, aka mai da yawancinsu sojan ƙafa. Da Jamus ta kawo farmakin Ardennes a Disamba 1944, ƙarancin ya kai matuƙa, kuma zuwa farkon 1945 babu dibishin ko ɗaya da ya rage a gida a matsayin ajiya.

Takarda ta fi kaya yawa

A Maris 1942 Marshall ya raba sojan ƙasa gida uku: horar da mayaƙa a hannun Janar Lesley McNair, sojan sama a hannun Arnold, sayen kaya da jigilarsu a hannun Janar Brehon Somervell, injiniyan da ya jagoranci gina Pentagon, babbar hedikwatar sojan Amurka. A ɓangaren farar hula akwai William Knudsen, shugaban kamfanin General Motors, haifaffen Denmak, wanda Shugaba Roosevelt ya kira a 1940, daga baya aka ba shi muƙamin laftanar janar kai tsaye a Janairu 1942. Knudsen ya san abin da 'yan siyasa ba su sani ba, wato kafin masana'anta ta fitar da sabon kaya da yawa, sai an fara ƙera injinan da za su ƙera shi, kuma wannan kan ci shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

A Janairu 1942 Roosevelt ya sanar da buri: jiragen sama 60,000 da tankoki 45,000 a wannan shekara, jirage 125,000 da tankoki 75,000 a mai zuwa. A watan ne aka kafa hukumar kula da ƙere-ƙeren yaƙi a ƙarƙashin Donald Nelson, wanda ya fito daga kamfanin Sears. A Fabrairu aka dakatar da ƙera motocin farar hula baki ɗaya.

Nan matsalar ta kunno kai, kuma ita ce ta fi cancanta a tsaya a kanta. Tsarin da ake bi na takardar fifiko ne. Duk kwangilar soja ana ba ta matsayi, mai matsayi na sama shi ake fara sayar wa ƙarfe. Sai dai babu wanda ke ƙirga takardu nawa aka bayar. Jami'an saye na sojan ƙasa da na ruwa kowa na buga wa kwangilarsa matsayi mafi girma. Da matsayin sama na A-1 ya cika, aka raba shi zuwa A-1-a har A-1-j, aka ƙirƙiro AA, aka ƙara AAA a samanta. Kamar a buga katin karɓar taki dubu ne alhali buhu ɗari ke cikin sito: canza wa katin launi ba zai ƙara buhu ko ɗaya ba. Kamfanoni suka shiga ɓoye ƙarfe don gudun yankewa. Aka gina masana'antun da ba su da abin sarrafawa, aka ƙera kayan da suka tsaya rabi saboda wani ƙaramin sashe bai iso ba.

Masana tattalin arziki biyu a hukumar Nelson, Simon Kuznets da Robert Nathan, suka zauna suka lissafa iyakar abin da ƙasar za ta iya samarwa, suka nuna cewa buƙatun soja na 1943 sun wuce ta. Hujjarsu ita ce in ka yi odar abin da ya fi ƙarfin ƙasa, ba za ka samu kashi tamanin na kowane abu a kammale ba, za ka samu tarin abubuwan da ba su haɗu ba. Somervell ya yi fatali da rahoton da kakkausar murya, yana ganin farar hula ba su da hurumin gaya wa soja abin da yake buƙata. A wannan gardama masanan ne ke da gaskiya, kuma kafin ƙarshen 1942 manyan hafsoshi suka rage shirin 1943 daga kimanin dala biliyan 93 zuwa 80.

Maganin na biyu Ferdinand Eberstadt, wani babban jami'i a hukumar Nelson, shi ne ya kawo shi, aka sanar a Nuwamba 1942, ya fara aiki sosai a tsakiyar 1943. Maimakon a bi dubban kayayyaki, sai aka kama uku kawai: ƙarfe, jan ƙarfe da alminiyam, domin kusan babu makamin da ba ya buƙatar ɗayansu. Duk wata uku, kowace hukuma mai buƙata, sojan ƙasa, sojan ruwa, hukumar jiragen dakon kaya, masu kula da buƙatun farar hula da sauransu, za ta kawo lissafin tan nawa take so. Kwamiti ya gwada jimillar da abin da masana'antun narka ƙarfe za su iya fitarwa, ya yanka wa kowa rabonsa. Hukumar ta raba nata ga manyan 'yan kwangila, su kuma su raba wa ƙananan da ke yi musu sassa, kowane oda ɗauke da lambar rabo. Masana'anta ba ta karɓar odar da ba ta da lamba. Amfanin tsarin shi ne ya tilasta wa janar da kansa ya zaɓa tsakanin tanka da igwa, tunda rabonsa ba zai ƙaru ba. Jiragen sama suka tashi daga kusan 48,000 a 1942 zuwa kusan 86,000 a 1943, da fiye da 96,000 a 1944.

Roba, fetur da littafin rabo

Da Japan ta kama Malaya da tsibiran da yanzu ake kira Indunusiya a farkon 1942, kusan kashi 90 cikin ɗari na ɗanyen robar da Amurka ke samu ya yanke. Shi ya sa taya ce farkon abin da aka sa wa takunkumi, tun Janairu 1942. Kwamitin da Roosevelt ya kafa kan matsalar roba a ƙarƙashin Bernard Baruch ya ba da rahoto a Satumba cewa in ba a yi da gaske ba, ƙasar za ta tsaya cik. Aka ƙayyade gudun mota a mil 35 a awa, kimanin kilomita 56, aka hana mai mota mallakar taya fiye da biyar, kuma daga 1 ga Disamba 1942 aka fara rabon fetur a faɗin ƙasa. Mai alamar A a gilashin motarsa galan uku zuwa huɗu yake samu a mako, mai B ma'aikacin da aikinsa ya shafi yaƙi ne, C kuma ta likitoci da makamantansu. A gabar gabas akwai ƙarancin mai na gaske, saboda jiragen Jamus masu nutso suna nutsar da jiragen ruwan dakon mai, har sai da aka shimfiɗa bututu mai faɗin inci 24 daga Texas. A sauran ƙasar kuwa fetur na nan, tayar ake tattali. Mutanen jihohin da ke haƙo mai sun yi ta ƙorafi domin ba a yi musu wannan bayani da kyau ba. Abin da ya warware matsalar shi ne robar haɗi da gwamnati ta gina wa masana'antu, wadda ta haura tan 700,000 a 1944.

Faɗuwar Malaya ta taɓa mu ma, domin can ne babbar mahaƙar kuza, kuma ita ta sa Turawan mulki suka tilasta wa dubban talakawan Arewa aikin haƙar kuza a Jos daga 1942 zuwa 1944. Jiragen da Amurka ke ƙerawa kuma da yawansu ta kanmu suka bi: daga Birazil su tsallako zuwa Akra, su sauka Kano da Maiduguri, su wuce El Fasher da Hartum, sannan Alƙahira ko Indiya.

A cikin gida, uwargida ce ta ɗauki lissafin. Sukari ya shiga rabo a Mayu 1942, rabin laba ga mutum a mako. Kofi ya biyo a Nuwamba, laba ɗaya a mako biyar. Takalma ƙafa uku a shekara daga Fabrairu 1943. Daga Maris 1943 aka kawo tsarin maki: kowane mutum, har jariri, yana da littafi mai ɗauke da 'yan takardu kamar kan sarki. Shuɗaye na kayan gwangwani ne, maki 48 a wata. Jajaye na nama, bota, cuku da mai ne, maki 16 a mako. Kowane kaya a kanti yana da farashi biyu, na kuɗi da na maki, kuma hukumar ƙayyade farashi na ɗaga makin abin da ya yi ƙaranci, ta sauke na wanda ya wadata. Mai kanti yana tara takardun ya miƙa wa dillali kafin a sake ba shi kaya, don haka shi ma bai isa ya sayar ba tare da su ba. Kitsen da ya rage a kasko ana tace shi a gwangwani a kai wa mahauci, a karɓi 'yan kuɗi da jan maki biyu a kan kowace laba, domin ana fitar da gilisarin daga cikinsa don haɗa abubuwan fashewa. Lambunan bayan gida kusan miliyan 20 sun samar da wajen kashi 40 cikin ɗari na ɗanyen kayan lambun da aka ci.

Inda tsarin ya fi yoyo shi ne nama da fetur. An ƙayyade farashin nama a kanti tun kafin a ƙayyade na dabba a tsaye, sai mahautan da ke bin doka suka rasa riba, dabbobi suka koma hannun masu yankan ɓoye, kasuwar bayan fage ta bunƙasa. Takardun fetur kuma an yi ta buga na jabu.

Kuɗin yaƙin, kimanin dala biliyan 300, haraji ya biya ƙasa da rabinsa, sauran bashi ne, ciki har da takardun lamuni na kusan biliyan 185 da Amurkawa miliyan 85 suka saya. Masu biyan harajin kuɗin shiga sun tashi daga wajen miliyan 4 a 1939 zuwa fiye da miliyan 40, kuma a 1943 aka fara cire shi daga albashi tun kafin ya shiga hannu.

Sauri da abin da yake jawowa

Duk abin da aka ƙera, sai ya haye teku. Jiragen dakon kaya samfurin Liberty, masu ɗaukar tan kusan 10,000, an ƙera guda 2,710. Na farko ya ci kwana 244, daga baya matsakaicin ya sauko zuwa wajen kwana 42. Dabarar da Henry Kaiser, mai masana'antun ƙera jiragen ruwa, ya yi fice da ita ita ce a haɗa manyan sassa a gefe, a ɗauko su da ƙugiya a jera, a yi walda maimakon ɗaure faranti da ƙusoshi. Walda ta fi saurin koyo, shi ya sa mata da mutanen karkara da ba su taɓa ganin teku ba suka iya aikin cikin makonni. Mata masu aikin albashi sun tashi daga wajen miliyan 12 zuwa kusan miliyan 19, har Kaiser ya buɗe wuraren renon yara masu aiki dare da rana.

Sai jirage suka fara tsagewa, wasu suka rabe biyu. A Janairu 1943 wata sabuwar tankar mai, Schenectady, ta karye tana tsaye a bakin tasha a Portland. Da farko an zargi masu walda. Bincike, ciki har da na Constance Tipper ta Jami'ar Cambridge, ya nuna cewa irin ƙarfen ne ke yin gautsi in sanyi ya yi tsanani. Tsagar takan fara daga kusurwar bakin rumbun kaya, inda aka yanka ta da kaifi, kuma tunda walda ta mai da jikin jirgin abu ɗaya, babu inda za ta tsaya. A jirgin ƙusa, tsaga na ƙarewa a bakin farantin da ta fara. Gyaran shi ne aka zagaye kusurwoyin, aka ƙarfafa su, aka ɗaura wasu faranti da ƙusoshi a wurare na musamman don su tare tsaga.

Masana'antar Ford ta Willow Run a Michigan ta sha irin tata wahalar. An so a ƙera jirgin sama mai jefa bam samfurin B-24 kamar mota, amma sojan sama na aiko da sauye-sauye ba ƙaƙƙautawa bisa abin da aka gani a fagen fama, kuma kowane sauyi na nufin sake mazubin ƙarfe mai tsada. Ga ma'aikata na barin aiki saboda babu gidaje a kusa. A 1942 'yan gommai kawai ta fitar. Da aka koma tara sauye-sauye a shigar da su rukuni-rukuni, ana kai jiragen da aka gama wasu cibiyoyi don gyaran ƙarshe, ta kai jirgi ɗaya a kowace awa a 1944, jimilla 8,685.

Nauyin bai faɗa wa kowa daidai ba. Bisa umarnin da Roosevelt ya sa wa hannu ranar 19 ga Fabrairu 1942, Janar John DeWitt ya kwashe mutane kusan 120,000 'yan asalin Japan daga gabar yamma zuwa sansanoni, kashi biyu cikin uku 'yan ƙasa ne, ba tare da an tuhumi kowa da laifi ba. Zalunci ne tsagwaronsa, kuma sai a 1988 gwamnati ta nemi gafara ta kuma amince ta biya waɗanda ke raye dala 20,000 kowanne.

Baƙaƙen fata fiye da miliyan ɗaya sun yi aikin soja a rundunonin da aka ware su, akasari a dako da tuƙi. Su ne kusan kashi uku cikin huɗu na direbobin ayarin motocin dakon kaya na Red Ball da ya ciyar da sojojin Amurka a Faransa daga Agusta zuwa Nuwamba 1944. A tashar Port Chicago da ke Kalifoniya, sojojin ruwa baƙaƙe ke loda bama-bamai a ƙarƙashin hafsoshi farare, ba tare da an horar da su kan sarrafa makamai ba, ana kuma sa ƙungiyoyinsu gasar wanda zai fi loda tan da yawa. Daren 17 ga Yuli 1944 wani jirgin Liberty da ake lodawa ya tarwatse, mutum 320 suka mutu, 202 daga cikinsu baƙaƙe. Da aka umarci waɗanda suka tsira su koma lodi a irin yanayin, 258 suka ƙi. An gurfanar da 50 da laifin tawaye, aka yanke musu ɗaurin shekara 8 zuwa 15, aka saki yawancinsu a farkon 1946. Rundunar sojan ruwa ta wanke su daga laifin ranar 17 ga Yuli 2024.